Ruwan Hawan Tudu

Tun ranar da aka kai Ntim ɗakin sanyi na asibiti, Maame Dufie ta zare wayar firjinta daga bango, ba ta ƙara mayar da ita ba.

Matar da duk garin ya sani da ruwan sanyi da ƙanƙarar zoɓo, wadda direbobin hanyar Kumasi ke taka burki a ƙofar gidanta ko ba sa jin ƙishi, ita ce yanzu ba ta iya jin gurnanin injin nan. Ta ce da ya fara, sai ta ji kamar haƙoran ɗanta ne ke kaɗawa.

An kai shi can tun mangwaro yana ɗanye. An sha mangwaron an gama, ruwa ya sauka, masara ta yi gemu, Ntim yana nan kwance cikin sanyi.

Ba rashin hali ne ya hana a binne shi ba. Yadin makoki ja da baƙi ma an saya, yana ninke a akwati. Wofa Adusei ne, kawun yaron, yayan Maame Dufie, wanda in ya yi magana a dangin nan ta zauna, ya rantse ba za a sa yaron a ƙasa ba sai an amsa masa tambaya guda.

Wanda zai amsa kuwa, ku ji ikon Allah, Dokta Baafi ne. Baafin nan dai da danginsa suka zo ƙwanƙwasa ƙofa neman auren Afrakoma, yayar Ntim, suka ajiye kwalabe biyu na giyar neman aure, aka karɓa ana dariya, saura sa rana kawai.

Bari in gaya muku yadda abin ya faru.

Babur ɗin Ntim ne ya yi karo da motar katako. Aka kwaso shi zuwa sashen gaggawa, kai ya fashe, bai san inda yake ba, babu ɗan'uwa ko ɗaya a kusa. Baafi ne a bakin aiki. Duk abin da ake yi wa mai irin wannan rauni ya yi masa, sannan ya ƙara da allura guda.

Allurar nan ta bincike ce. Ana gwada wani magani a ga ko zai tsayar da jinin da ke zuba cikin kwanya. Kwalaben duk kamarsu ɗaya, rabinsu magani, rabinsu ruwan gishiri, kuma da gangan aka ɓoye wa likita wadda ya ɗauka, don kada son rai ya shiga. Masu binciken da ke can nesa su kaɗai suka sani, ba sa faɗa sai an kammala. Doka ta yarda a yi wa wanda ya suma in babu dangi, a nemi yardarsu daga baya.

Ntim bai jira bayan ba.

Tambayar Wofa Adusei ke nan: magani aka ba yaron, ko ruwa?

*

Kullum da safe, kafin ta ɗauki tsintsiya, Maame Dufie sai ta cika ƙoƙo da ruwa ta ajiye a bakin ƙofar ɗakin Ntim. Da yamma ta je ta leƙa.

"Ya ragu," in ji ta ran nan.

Afrakoma tana bakin murhu tana tankaɗen gari. Ta yi karatun nas ta gama, tana zaune a gida jiran aiki, ba ta yarda da irin wannan magana ba. Amma ita ma ta daina kallon ƙoƙon nan kai tsaye.

"Maame, rana ce ta shanye. Ko kaji."

"Kajin gidan nan na san su ɗaya bayan ɗaya. Ba su ba ne." Ta zauna kan kujera 'yar tsugunno, ta zuba hannuwa a cinya. "Ƙishi yake ji, Afra. Kakarku da za ta tafi, ni na tallafi kanta na ba ta ruwa, ta kurɓa, ta hau tudunta lafiya. Babanku ma haka. Kowa ya san tudun can da matattu ke hawa yana da tsayi, ba a barin mutum ya kama hanya da busasshen maƙogwaro. Ni nawa a hannun baƙi ya tafi, ko ɗigo ba a ba shi ba."

"An yi masa ƙarin ruwa, Maame. Leda bayan leda. Na tambaya."

"Leda." Tsohuwar ta taɓe baki. "Ruwan da ke ɗiga shi kaɗai daga jikin sandar ƙarfe, wa ya ba shi? Ni hannu nake faɗa miki. Hannun mutum, wanda ya san sunansa."

Afrakoma ta ci gaba da tankaɗe.

"Wofanki ya aiko," in ji uwar, ba ta dube ta ba. "Lahadi bayan coci za a zauna. Ya ce a fito da kwalaben nan."

Rariyar ta tsaya a hannun Afrakoma. Ko yaron goye a garin ya san in aka mayar wa namiji kwalabensa, magana ta mutu.

*

Bayan asibitin akwai wata bishiyar darbejiya inda wata mata ke gasa agada, wato doguwar ayaba, da gyaɗa. Nan suka saba haɗuwa da rana, lokacin da Baafi kan samu sararin cin abinci. Da can wurin dariya ne. Yanzu Afrakoma ta lura daga nan ana jiyo injin ɗakin sanyi, yana gurnani bayan katanga ba ya numfasawa.

"Kin rame," in ji Baafi.

"Kai kuwa ƙiba ka yi, ko? Dubi wuyan rigarka, mutum biyu za su shiga."

Ya yi dariyar yaƙe, ya miƙa mata agada. Ba ta karɓa ba.

"Lahadi za su mayar maka da kwalabenka."

"Na ji. An aiko wa kawuna."

"Ka ce magani ne."

"Afra."

"Kalma ɗaya ce, Baafi. Ka ce, Wofa, na bincika, magani ne, Ntim ya samu abin da ya fi kyau a hannunmu, Allah ne ya karɓi abinsa. Shi ke nan. A fito da shi daga sanyin nan a binne, Maame ta samu barci, ni da kai..." Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

"Ban sani ba, Afra."

"Na san ba ka sani ba. Ni ma makarantar na je. Ba saninka nake nema ba, bakinka nake nema."

"Ranar da aka buɗe aka ce ruwa ne fa?"

"Wa zai je ya gaya wa Wofa? Turanci yake karantawa?"

"Ni zan sani. Ke ma za ki sani. Mu zauna gida ɗaya, ki dinga zuba mini miya kina cewa a ranki, mutumin nan ya iya ƙarya a kan gawa."

"To ka roƙe su su buɗe nasa shi kaɗai."

"Na roƙa har sun gaji da ni. Don mai rai suke buɗewa, in sanin zai canza maganin da za a ba shi. Wanda ya riga ya tafi, sai an gama gaba ɗaya."

"Yaushe za a gama?"

Ya sunkuyar da kai, yana murza ɓawon gyaɗa.

"Aikin ya tsaya. Sauran asibitocin duk sun cika nasu, mu kaɗai ake jira, kuma abin da ya rage mana kaɗan ne. Amma nas ɗin da ke tare da ni ta ajiye aiki. Matan kasuwa sun daina sayar mata da tumatir, suna nuna ta da baki, wai ga mai allurar ƙuri'a. An liƙa sanarwar neman wata, ba wanda ya zo. Ba nas, ba a yi wa kowa. Ba a cika ba, ba a buɗewa."

Mai agada ta juya abin da take gasawa, ta yi kamar ba ta ji. Afrakoma ta ɗago jajayen idanunta. Akwai tambayar da ta daɗe tana haɗiyewa, yau ta ƙi haɗiyuwa.

"Ka gane shi?"

"Na gane shi. Fuskar ta kumbura, amma na ga tabon nan na haɓarsa."

"Ka gane ƙanena ne, ka sa hannu ka ɗauki kwalbar da ba ka san abin da ke ciki ba?"

"Don na gane shi na ɗauka. In na ɗauka, wataƙila maganin ne, wataƙila kuma ya yi aiki. In ban ɗauka ba, ko wataƙilar babu. Da wanda muka fito ciki ɗaya ne a kwance, ita zan ɗauka." Ya goge fuska da tafin hannu. "Kin tuna abin da yake ce mini? Akonta, mijin yaya, ka shirya tukuicin ƙanen amarya, ni ba na karɓar allura a madadinsa. Kullum na bi ta gefen katangar can sai na ji shi, Afra. Da muryarsa, har da dariyar. Shi ya sa ba zan iya ba. Yana ji."

Ta miƙe, tana ɗaure zani.

"To ka riƙe gaskiyarka, Dokta. Ita sai ta daka maka sakwara."

Ya kira sunanta. Ba ta waiwaya ba.

*

Washegari aka kira ta ofishin ɗaukar ma'aikata na asibitin, inda ta daɗe da kai takardunta.

Mai ofishin Owura Takyi ne, dattijon coci, mai mota da ɗan tumbi daidai misali. Matarsa ta rasu bara waccan. Tun da aka yi zaman makokin Ntim na farko ya fara zarya gidan Wofa Adusei, yau doya, gobe zakara, har Wofa ya soma cewa akwai mazan da suka san darajar manya.

Na'urar sanyaya ɗaki tana ta hurowa. Afrakoma na shiga tsigar jikinta ta tashi, ta rungume hannuwanta.

"Zauna, 'yar gidan Maame Dufie, zauna. Gurbi biyu gare ni." Ya ɗaga yatsu biyu masu zobba. "Ɗaya ɗakin haihuwa, masu nemansa in suka yi layi sai sun kai bakin titi. Ɗaya kuma wancan na gaggawa, na masu bincike. Wannan ko ƙuda bai sauka a kan sanarwarsa ba."

"Na gani a allo."

"Na farkon naki ne in kina so. Jarirai, barka, a kawo miki ƙwai da sabulu. Mace irinki ba ta dace da jini da ihu ba."

"Owura, a ɗakin haihuwa ma jini ne da ihu."

Ya ƙyalƙyale da dariya har kujerarsa na ƙara.

"Bakin nan naki, shi nake so. Gidana ya yi shiru da yawa." Ya gyara zama, ya rage murya. "Lahadi ina tafe. Wofa ya gayyace ni. Na samo masa amsarsa."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ta yaya? Wanda ya yi allurar ma bai sani ba."

"Likita allura gare shi. Ni mutane gare ni."

Ta san ba zai yiwu ba. Ta san masu sirrin nan ba su da hulɗa da ofishinsa, ko sunansa ba su sani ba. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta tuna ƙoƙon bakin ƙofa, da uwarta da ta koma kamar kara. In ƙaryar wani za ta fito da Ntim daga sanyi, ita ce za ta tare ta?

"Mece ce amsar?" ta tambaya a hankali.

"Haba, a ci biki tun kafin ranarsa? Ki zo da kunnenki Lahadi."

*

Ran Lahadi rana ta take, an jera kujeru a tsakar gida ƙarƙashin inuwar lemo. Matan dangi sun zauna gefe da kayan cocinsu. Wofa Adusei yana tsakiya, ya yafa zanensa a kafaɗa, gabansa ɗan tebur, a kan teburin kwalabe biyu da ba a taɓa buɗewa ba.

Baafi ya zo da wani tsohon kawunsa mai nauyin kunne, wanda ko me aka ce sai ya gyaɗa kai. Owura Takyi ya zo da farar riga da ƙamshin turare. Afrakoma tana tsaye jikin ƙofar kicin, kusa da mataccen firjin.

Aka ba baƙi ruwa, aka tambaye su abin da ke tafe da su kamar ba a sani ba. Sannan Wofa ya yi gyaran murya.

"Dokta. Yau ne na ƙarshe. Ɗan ƙanwata, magajina, wanda zai ɗauki kujerar nan in na kwanta. Me ka zuba masa a jiki?"

Baafi ya miƙe, ya sauke hannuwa a baya.

"Wofa, ban sani ba."

"Kun ji ko? Mai tallan maganin basir a tasha ya san abin da ke cikin kwalbarsa. Wannan ya yi shekaru a jami'a, bai sani ba."

Wata daga cikin matan ta yi tsaki. Sai Owura Takyi ya tashi, yana gyara maɓallin riga.

"Wofa, da izininka. Abin da nauyi, amma gaskiya ba ta jin kunya. Na bi ta hanyoyina na gano. Ruwa ne. Ruwan gishiri tsagwaronsa. Yaro yana kwance jini na zuba a kansa, aka ɗauko ruwa aka ba shi."

Tsakar gidan ta ɗauki salati irin nasu, wata ta ɗora hannu a ka, wata ta fara kuka. Wofa Adusei ya sa bayan hannu ya fara tura kwalaben zuwa gaban tsohon kawun Baafi.

"Me ka ce?"

Maame Dufie ce. Tun da aka zauna ba a ji muryarta ba.

"Ruwa, Maame," in ji Owura Takyi da muryar jaje. "Ki yi haƙuri."

Ta miƙe. Ta tako tsakar gidan a hankali, ɗankwalinta ya zame ba ta kula ba, har ta tsaya gaban Baafi. Matan suka zaci marinsa za ta yi. Sai ta kamo hannunsa na dama, ta juya tafin tana dubawa kamar mai zaɓen yadi.

"Da wannan ka ba shi?"

"Da shi, Maame."

"Ka san shi ne?"

"Na sani. Na kira sunansa."

"Bayan kai, wani ya ƙara ba shi wani abu?"

"A'a. Ita ce ta ƙarshe."

Ta juya wajen yayanta. Afrakoma ta ga fuskar uwarta ta washe, irin washewar da rabonta da gani tun mangwaro yana ɗanye.

"Adusei, yaron nan ya sha ruwa. Ashe ya sha. Surukinsa ne ya ba shi, da hannunsa, ya kira sunansa. Ya hau tudu, Adusei."

"Dufie, kin ji abin da aka ce kuwa? Hana shi magani aka yi."

"Na ji sarai. Kai wanda za ka kama kake nema, ni wanda ya ba shi ruwa nake nema. Janye hannunka daga kwalaben nan."

Abin da Owura Takyi ya ɗauko don ya rushe gida, ga shi ya zama tubali.

Maame Dufie ta ƙara damƙe hannun Baafi da hannuwanta biyu, hawaye na bin kumatunta.

"Ɗana, ina so in ji daga bakinka. Ruwa ne? Ka ce ruwa ne, mu binne shi cikin watan nan, in wanke 'yata in kai maka da kaina. Ba Adusei ba, ko duk dangi suka taru ba su hana ni ba."

Afrakoma ta dafa firjin. Ba Baafi ne ya ƙirƙiro ba, wani ne ya ɗauko ƙaryar ya kawo har gida. I kawai zai ce. Ko kai ya gyaɗa ya isa, irin na kawunsa. Ta zuba masa ido tana roƙonsa ba da baki ba.

Ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya durƙusa gaban tsohuwar, hannunsa na cikin nata.

"Maame, da zan iya sayen wannan amsar da hannun nan, da na bayar an sare. Ban sani ba. Owura Takyi ma bai sani ba. Duk garin nan babu wanda ya sani."



Maame Dufie ta saki hannun a hankali. Hasken nan ya bar fuskarta kamar an hure fitila. Afrakoma ta toshe baki da gefen zani, kukan ya ƙi tsayawa. A ranta ta ce, ya kashe mu, ya kashe ta sau biyu.

"Maame, kada ki saurare shi," in ji Owura Takyi. "Mutanena..."

"Su wa?" ta tambaye shi, ba ta ɗaga murya ba. "Faɗi sunan ɗaya."

Ya fara lalube a aljihu kamar sunan na ciki.

"Zauna, Owura. Kai ka kawo mini ruwa don ka ƙona Dokta da shi. Shi kuma na ɗora masa 'yata a kan kalma ɗaya, ya ƙi ɗauka. Na ga kowa." Ta koma kan Baafi. "Yaushe za a sani?"

Ya gaya mata, kamar yadda ya gaya wa Afrakoma. Saura kaɗan, amma aiki ya tsaya, don babu nas da za ta yarda ta shiga ɗakin.

"Akwai nas."

Sai da kowa ya waiwayo Afrakoma ta gane daga bakinta maganar ta fito. Ta share fuska, ta tako tsakiya.

"Owura, ka ce ko ƙuda bai sauka a kan sanarwar nan ba. Gobe da safe zan sauka. Tunda ni kaɗai ce, ba sai ka wahalar da kanka wajen zaɓe ba."

Wofa Adusei ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ke? Ki je ki dinga yi wa 'ya'yan mutane abin da aka yi wa ƙanenki?"

"Wofa, kai ka ce ba za a binne shi ba sai an amsa. Amsar tana bayan ƙofar ɗakin nan. Kowa ya ƙi shiga. In ban shiga ba, Ntim zai shekara nawa a can?"

"Kwalaben nan dai yau za su koma."

Maame Dufie ba ta yi musu da shi ba. Ta zo ta ɗauke su ɗaya a kowane hannu, ta wuce gaban kowa, ta buɗe mataccen firjinta ta kwantar da su ciki. Ta rufe, ta sa kwaɗo, ta ƙulle mabuɗin a bakin zaninta.

"Ba a mayar ba, ba a sha ba. Su jira, kamar yadda yake jira."

"In aka buɗe aka ce ruwa ne, ni ban yafe ba," in ji Wofa. "Ki ji da kyau."

"Na ji."

"In kuma magani ne fa? Me za ki ce?"

"Sai ka samu abin da kake so, ka ba su aurensu." Ta dubi ƙoƙon da ke bakin ƙofar ɗakin Ntim. "Ni kuma in ci gaba da ajiye masa, har ranar da zan tafi in kai masa da kaina."

Nan Afrakoma ta gane inda aka ajiye ta. In magani ne, ta samu miji, uwarta ta rasa barci har abada. In ruwa ne, uwarta ta huta, Wofa ya tsaya a ƙofar aurenta da sandarsa. Ta dubi Baafi, yana durƙushe har yanzu. Ba ta san ko ta tsane shi ba, ko kuwa ba ta taɓa sonsa kamar yau ba.

*

Aka ɗauki Afrakoma aikin, don babu yadda za a yi. Aka koya mata aikin. Mai tumatir ta daina amsa gaisuwarta, ta koma saye a bakin tasha. Tsakaninta da Baafi sai ina kwana Dokta, ina kwana Sista.

Ran nan da hantsi motar asibiti ta shigo da jiniya. Saurayi ne, ɗan babur, kai ya fashe, takalminsa ƙafa ɗaya. Babu kowa nasa.

Suka rufu a kansa, aka yi duk abin da ake yi. Sannan Baafi ya ɗago ya dube ta, ya ce, "Sista, akwatin."

Ta buɗe. Ga su nan a jere, 'yan ƙananan kwalabe, garau kamar hawaye, babu wadda ta fi wata. Ta ɗauki wadda ke kan layi ta zuƙe a sirinji. Bayan bango injin ɗakin sanyi yana ta gurnaninsa, sai ta ji kamar an tsaya a bayanta ana leƙen hannunta, irin tsayuwar da Ntim kan yi in tana rabon nama.

"Afra," in ji Baafi a hankali. "Lokaci."

"Ina zuwa."

Ta zura hannu a aljihun saurayin, ta zaro katin tuƙinsa ta duba. Sannan ta sunkuya daidai kunnensa, ta riƙe hannunsa da nata na hagu.

"Boadu," ta ce. "Boadu, ni ce Afrakoma. Ga shi, karɓi."

Ta tura allurar a hankali har ta ƙare, ba ta saki hannunsa ba.